Gambar Kakata a Bakin Ramin Marmara

Har yau idan na wuce masu saƙar zana na ji ƙanshin ɗanyar gamba, sai gonar kakata ta faɗo mini a rai, tare da kawuna, wanda ko sunansa ba na son ji.

Gonar tana wajen Magama, dab da iyaka. Lokacin da ake gyaran hanya, wani kamfani ya haƙi marmara a gefenta, ya kwashe abin da yake so, ya bar mana rami mai gangare ja wur, ko tsidau ba ya fitowa a kai. Kowace damina sai ruwa ya ɓantari bakin gonar ya zuba ciki. Gonar nan kuwa ita kaɗai tsohuwar ta mallaka a duniya.

Ba ta kai ƙara ko'ina ba. Saiwar gamba ta riƙa tonowa daga fadama tana dasawa jeri-jeri a gicciye, tana cusa taki a gindin kowace, sannan ta kewaye wurin da ƙayar bagaruwa. Sannu a hankali gangaren ya yi kore shar, ruwa ya daina cin gonar.

Sai kawu ya shiga fasa-ƙwaurin shinkafa a babur. Ka dai san irin mutanen nan da in sun sayi baƙin tabarau suke ganin sun gama wayewa. Ya lura gangaren nan yana kauce wa shingen kwastan, sai ya janye ƙayar, ya buɗe wa kansa da abokansa hanya ta tsakiyar gambar.

"Wa ya ɗebe mini ƙaya?" in ji kakata.

"Ni ne, Inna. Ciyawa ce hwa, mi za ta yi miki?"

"Ita ke riƙe da gonar ga, ɗan nan."

Ya yi dariya ya tada babur. Sawun tayar nan ruwa ya bi da damina ta zo. Ya zama ƙorama, ya zama kwazazzabo, ya haɗiye rabin gonar da geron da ke kanta. Kakata ba ta sake dasa komai ba har ta rasu.

Ranar rabon gado ƙaton nan ya riga kowa tsayawa a tudu, ya ce nan ne nasa. Mahaifiyata kuwa da kara aka nuna mata kasonta, can ƙasa cikin ramin.

Yanzu gwamnati ta waiwayi gangaren, ana dashen itatuwa. Kawu ne shugaban kwamiti. Yana tsayawa da babbar riga a ɗauke shi hoto riƙe da ɗan tsiro, yana faɗa wa baƙi cewa son shuka gado ya yi wurin uwarsa. Bara har aike ya yi wa mahaifiyata, wai ta ɗaure awakinta kada su cinye masa dashe.