Kiren ɗin kara a tsakar gidanmu

Shekara da shekaru maigidana yana tuƙa kiren, wato injin ɗaga kaya, a wani wurin gyaran injinan ruwa a Tiga, amma ni ban taɓa sa kiren ɗin a ido ba. Mata ba sa wuce bakin ƙofar wurin. Abin da na sani kawai shi ne baƙin man da nake fama da shi a wuyan rigarsa.

A shekarun da ake layin madara da sabulu aka kawo musu sabon injiniya. Ya ce duk mai tuƙi sai ya faɗi sunayen sassan kiren da Turanci, wanda ya kasa a sauke shi. Maigida bai yi boko ba, ni kuwa na gama firamare, abin da nake yi masa yanga da shi tun ina amarya. Ya miƙo mini takardar sunayen da aka ba su yana kallon gefe.

"Ga ranarki ta zo, malama," in ji shi.

Na karanta na farko, birij. Na ce to mene ne shi? Ai ba zan koyar da abin da ban sani ba. Sai ya zaro karan dawa daga dangarmu, ya shimfiɗa biyu a jere a kan duwatsu, ya ce layin dogo ke nan, amma can sama kusa da rufi. Ya gicciya na uku a kansu, ya ce wannan su gada suke ce masa, gaba da baya take tafiya. Kwarkwaron zarena ya zama tiroli, keken da ke zirga-zirga a kan gadar. A jikinsa gangar da ke naɗe igiyar ƙarfe take, ƙugiya tana reto a ƙasa.

Ni fa karatun ya tsaya, tambaya ta kama ni. Me ke hana keken faɗowa in ya kai ƙarshe? In an ɗauke wuta kaya na sama fa? Ya ce birki da kansa yake damƙewa. Wannan ya burge ni har na bar tuwo ya kama. Kullum bayan la'asar haka muke yi, shi yana haddace suna biyu, ni ina kwashe aikinsa kaf. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba, kuma na ji daɗinsa ƙwarai.

Ranar gwaji ya dawo da wuri. An tambaye shi sunan abin da ke tsayar da ƙugiya kada ta daki ganga. Ya nuna shi da yatsa, ya faɗi aikinsa, sunan ya ƙi zuwa. Aka mayar da shi ƙasa, yana ɗaura kaya a ƙugiya, wani sabon ɗauka yana tuƙi.

Raina ya ɓaci, na fara zagin injiniyan. Ya bar ni na gama, yana wanke hannu.

"Wanda suka ɗora ɗin ya iya sunayen," ya ce. "Amma kaya lilo suke yi a hannunsa, ga mutane a ƙasa. Ki tashe ni da wuri gobe, in nuna masa kafin a fara aiki."

Na shiga ɗaki don kada ya ga ina kuka.