Giyabos Ɗin da Na Riƙe wa Yaya

Ni mai sarin tufafi ne. Ka miƙo mini riga a kasuwar tufafi ta Baima, in juya cikinta waje, in nuna maka inda tela ya yi ha'inci. Da irin wannan idon na karanta saƙon da yayana ya turo mini daga Kano, a shekarata ta shida a birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Maganar motar mahaifinmu ce, tsohuwa 'yar Faransa mai giya a jikin sitiyari. Da ya rasu ba mu sa ta a rabon gado ba, muka bar ta tamu mu biyu. Yaya ya shekara biyu yana tashinta, bodi da fenti da kujeru, har ta koma kamar ranar da aka sayo ta. Sai ga shi yanzu da jerin kayan da zan sayo: sabon inji, giyabos otomatik, birkin zamani, faffaɗan wili, har da salansa mai ƙugi.

Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya hana ni canza ko madubi, yau shi zai kwashe wa motar kayan ciki? Na san masu kuɗin Abuja suna yayin tsofaffin motoci masu sabon inji. Nan take na yanke hukunci: Yaya ya sami mai saye, kwalliya yake yi mata a bayan idona.

Na kira shi. "Yaya, wa zai hau motar nan?"

"Ni mana. Kai dai sayo abin da na ce."

"Giyar Baba me ta yi maka?"

"Ta tsufa," in ji shi, ya sako wata hira.

Wani Bamaraɗe mai harkar kayan mota ya raka ni kasuwarsu. Shi ma ban yarda da shi ba, don dariyarsa da lawban, wato mai shagon, ta yi mini yawa, kuma da Sinanci suke yi. Sai da na ɗiga jan fenti a ƙasan injin, kada a musanya mini wajen lodi. Na zuba komai a kwantenar kayana, ban da giyabos. Shi na bar shi a shagon cikin akwatin katako. Dabarata ita ce, in babu shi sabon inji ba zai juya taya ba, mai saye kuwa ba zai ɗauki motar da ba ta motsi ba.

Na gaya wa Yaya an ce "meyo", wato babu, kamar yadda 'yan shago suke ce mana kullum. Duk mako ya tambaya, in maimaita masa. Wata huɗu muna haka, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Haƙurin nan ma na sa shi cikin abin zargi, don Yayan da na sani ba ya jiran ko shayi ya huce.

Wata rana na ce ya ɗauko mini bidiyon motar, ya kewaya ta gaba da baya. So nake in ga ko har yanzu tana gidanmu. Ina cin abincin rana a wani gidan abinci da ke titin Guangyuan saƙon ya shigo. Na riƙa tsayar da hoton ina buɗa shi, ina duba ƙofar gida, daɓen tsakar gida, lambar mota. Komai yana nan. Sai idona ya faɗa kan murfin motar, inda sabon fenti ya hasko mai ɗaukar bidiyon. Yaya ne, waya a hannu ɗaya, sandar guragu a hammata. Ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe take daidai gwiwa.

Na ture kwanon na kira shi. "Yaya, ina ƙafarka?"

Ya yi 'yar dariya. "Ciwon suga ne, aka yanke ta. Wata bakwai ke nan. Ni na hana a gaya maka. Kana wata duniya, me za ka iya ban da tashin hankali?"

"Shi ya sa kake son otomatik?"

"To da me zan taka kuloci?"

Kunya ta rufe ni, sai na ji bakina yana tambayar salansar fa.

"Wannan kam son raina ne. In na fito, unguwa ta ji, ta san ni ke tuƙa kaina, ba ɗauko ni aka yi ba." Ya ɗan nisa. "Kullum da safe nakan shiga in zauna a cikinta, in kama sitiyari, in fito. In 'yan shagon sun samu giyabos ɗin, don Allah ka yi ƙoƙari."

Washegari na sa akwatin a jirgin sama. Da ya isa Kano, Yaya ya kira yana ta sa mini albarka, wai na sha wahalar nema. Na ce amin. Har yau ban gaya masa gaskiyar ba.