Laimar Kwaɗi a Banɗakin Baƙi

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ban da ranar da laimar kwaɗi ta kusa mayar da ni gida. Lokacin ina tuƙa wata Hajiya mai koyar da tarihin zane a jami'a. Mijinta ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, saura mako biyu iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, sabuntawa kuwa sai in ya ga dama.

Mun koma sabon gida wajen Dir'iyya, za su yi tafiyar kwana uku, sai ta ce in rataye mata zane-zanenta na Turawa inda ya dace. Ni kuwa akwai iyayi. Na jirgin ruwa na kai falo, na furanni ɗakin cin abinci. Sai na buɗe wani tsoho mai duhu, ba komai a ciki sai ruɓaɓɓen kututture da laimar kwaɗi, wata ja, wata fara. Na yi tsaki. A garinmu wannan abu bayan makewayi yake tsirowa da damina, yaro ya taɓa sai an wanke masa hannu da toka. Na mayar da shi mahaifarsa, na kafa ƙusa a banɗakin baƙi, dab da famfo, har ina yaba wa kaina basira.

Da suka dawo ta zagaya falo sau biyu, ta ce, "Ina mai duhun nan?"

Na yi mata jagora da fara'ata. Salatin da ta saki shi ya fito da maigida ba takalmi. Ashe zanen daga ƙasar Holan yake, ya girmi kakan kakana, danshi kuma shi ne ajalinsa. Ta cire shi tana dubawa. Maigida ya ƙura mini ido. Wallahi na tsorata, har na fara hango kaina a filin jirgi.

"Me ya sa nan?" in ji ta.

Da guntun Larabcina na bayyana mata cewa a wurinmu laimar kwaɗi abin ƙazanta ce, sai inda ruɓa take, ita da kwaɗi. Sai ta nuna wani lungu a zanen. Ga kwaɗo nan tsugune, ban ma lura da shi ba! Ta ce masu zanen wancan zamani ma haka suka ɗauki laimar kwaɗi, alamar ruɓa da mutuwa, sai daga baya aka mai da ita adon littattafan yara.

Ta dubi mijinta ta ce, "Ɗalibaina sun kasa gane wannan, direba ya gane da guduma."

Ya yi dariya har da riƙe bango. Aka sabunta iƙama, aka kuma ƙwace gudumar.

Allah ne ya rufa asiri, zanen bai lalace ba. Tun daga ranar, kayan da ba nawa ba, ko tsintsiya ce, sai na tambayi mai ita kafin in yanke mata daraja.