Tauraron da Bai Ƙifta Ba

Yayana mai gyaran tabarau ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙasan benen da muke haya: tebur ɗaya, fitila ɗaya, sai gwangwanaye cike da 'yan mitsi-mitsin kusoshi da karyayyun hannayen tabarau. Amma ba wanda ke ce masa Mai Tabarau a unguwar. Mai Bututu suke kiransa, saboda na'urar hangen taurari da ya harhaɗa da hannunsa ya girke a saman bene, wata ƙatuwa kamar bututun magudanar ruwa.

Ni ce autar gidanmu. Da mijina ya rasu na dawo wurinsa, shi ma matarsa ta riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa. Ni kuwa ba na ganin abu in yi shiru.

"Yaya, mutane na neman abin sawa a bakin salati, kai kana neman abin da ba ka ajiye ba a sama?"

Ba ya fushi, shi ne ma abin haushin. Sai ya zaunar da ni ya hau bayani. Can nesa, in ji shi, bayan manyan duniyoyi, inda rana ba ta ɗumama komai, akwai 'yan dunƙulen ƙanƙara masu yawo. Wasunsu suna da zobe kewaye da su, na ƙura da ɓarɓashin ƙanƙara. Bututunsa ba ya ganin zoben. Sai dai a jira dunƙulen ya gitta ta gaban wani tauraro. Gefen zoben ya fara wucewa, tauraron ya ƙifta. Dunƙulen ya rufe shi, ya ɗauke gaba ɗaya. Ɗaya gefen ya wuce, ya sake ƙiftawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Auta."

"Kan ƙiftawa kake wannan wahalar? Allah Ya shirye ka."

Masana ne ke lissafa inda inuwar dunƙulen za ta ratsa a doron ƙasa, su sanar da masu bututu irinsa da ke kan hanyarta. Kowa ya liƙa kyamara, ya ɗauki tauraron, ya tura musu abin da ya samu. Doka ɗaya ce, kuma har na haddace ta don yawan maimaici: ko ba ka ga komai ba, ka faɗa. Wanda ya ce bai ƙifta ba ya nuna musu inda abin bai kai ba. Wanda ya ce ya gani alhali bai gani ba ya ɓata aikin kowa.

Shekaru ya yi yana farautar ƙiftawar nan. Wani karon hadari ya rufe sama. Wani karon inuwar ta kauce ta bi ta wani gari. Ya sauko ya ce, "Da sauran rabo," ya buɗe shago da safe kamar ba komai.

Ni na fara lura da matsalar idonsa. Kusa ta faɗi a tebur, a gabansa, yana laluben ta da tafin hannu. Na ja shi asibiti ina faɗa tun daga gida har ƙofar likita. Hawan jinin ido ne, ya riga ya ci jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ya daɗe da sani, ya ɓoye. Mutumin da ya gyara wa unguwa guda gani! Na yi masa tas, sannan na shiga ɗaki na yi kuka.

Ganinsa ya yi ta tsukewa har ya zama kamar leƙe ta ramin makulli. Ya rufe shago. Ana cikin haka sanarwa ta zo: wata inuwa za ta bi ta kanmu.

"Sau ɗaya kawai nake roƙo, Auta. In gani da idona kafin ya rufe."

Ni mai zagin bututu, ni ya koya wa saita shi. Da ranar ta zo, duhu na fara shiga muka hau. Sama garau, ko ɗigon gajimare babu. Na kamo tauraron, ya fito a fuskar kwamfuta, ɗan fari tar. Yaya ya kai fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashin. Lokaci ya yi.

"Ya ƙifta!" Ya damƙi hannuna. "Auta, ya ƙifta! Ya ɗauke... ga shi ya dawo! Ya sake!"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, kamar ta yaro. Ni kuwa idona na kan tauraron, ban ƙifta ba har hawaye suka zubo. Tauraron yana nan ƙyam, ko motsi bai yi ba.

"Kin gani, ko?"

Wallahi ƙarya ta zo har bakina. Kalma ɗaya, ya kwana da farin ciki. Amma zai tura musu, kuma shi ya koya mini dokar.

"Yaya, bai ƙifta ba."

"Mayar da hoton baya."

Na mayar. Muka kalla tare, har ƙarshe.

"Nan fa? Yanzu-yanzun nan?"

"A'a, Yaya."

Ya saki hannuna. Ya cire tabaraunsa ya goge da bakin riga, ya riƙe shi a hannu bai mayar ba.

"Ashe ba tauraron ne ya ɗauke ba," ya ce.

Na hau zagin tauraron, na zagi ƙanƙarar da zobenta, ina kuka ina jan majina. Ya bar ni na gama.

"Tura musu. Sama garau, na'ura lafiya, bai ƙifta ba. Shi ma aiki ne."

Na tura. Ya lalubi tsohon zanen gadon da yake rufe bututun da shi, ya rufe, ya ɗaure bakin da kyau. Muka nufi matattakala. Matattakalar da ya yi shekaru yana hawa da sauka a duhu, da kaya a kafaɗa, bai taɓa neman fitila ba. Ya tsaya a bakinta.

"Auta," ya ce, "ina hannunki?"