Yadda Na Kashe Maƙwabciyata da Tallar Daddawa

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata ta fari ce take rubuta wannan, ina faɗa tana rubutawa, kuma na gargaɗe ta ko kuka na yi kada ta tsallake.

Maigidana dillalin shanu ne. Shekara da shekaru yana zuwa kasuwar Mai'adua, ya tsaya ya yabi sa har mai san ya ji ya fasa sayarwa. Da Allah ya karɓi abinsa, ya bar mini ɗaki da buta da wayarsa mai shafawa, hotonsa a kai, hula a karkace. Har yau in wayar ta yi haske sai na ce masa sannu. Ga shi na fara. Dakata in share fuska.

Duk tsawon takabata, wadda ta zauna da ni ita ce maƙwabciyata mai daddawa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Daura, ita ma ta zube ta gefe guda, ba mu gyara ba don ta nan muke wucewa. Ta ɗan girme ni, Yaya nake ce mata. Ba ta iya lallashi ba. In ina kuka sai ta ce, "Yi ki gama, ga kalwa tana jiran tsinta." Amma ko rana ɗaya ba ta yi fashi ba.

Ban daɗe da fita takaba ba ta gaya mini ɗanta da ke Zango ya ce ta tattara ta koma wurinsa. Daddawa ba ta tafiya, matan yanzu dunƙule suke jefawa a miya, ita kuwa ba ta da wata sana'a.

Na ce, "Yaya, in kika tafi wa zan yi wa kuka?"

Ta ce, "Yi wa akuya. Ita ma ba lallashinki za ta yi ba."

'Yata ce ta kawo dabara. Ta ce, "Inna, wayar Baba cike take da lambobin mutane. Akwai inda ake ɗora bidiyo kowa ya gani, sitatus ake ce masa. Ki tallata mata daddawar." Ta nuna mini inda zan danna da inda zan riƙe, ta ce rabin minti ne kacal, in yi sauri.

Na gyara ɗankwali na yi sallama. Na ce ina wuninku, na yi shiru don su amsa. Na ce ina gajiya, na sake yin shiru. Ya iyali, ya shanu, ya muka ji da haƙuri. Ina shirin tambayar ruwa abin ya yanke.

"Inna, ba a gaisuwa a nan."

"Mutanen ubanki ne fa. In afka musu da daddawa ba gaisuwa, kamar an koro ni?"

Ta goge, ta tafi makarantar da take koyarwa, ta ce in jira ta dawo. Ban jira ba.

Bayan azahar na ɗauki wayar na tsallaka katanga. Daddawa tana shanye a tabarma, Yaya kuma ta kishingiɗa a inuwa kusa da ita, ta lulluɓa da farin mayafi tun daga kai har ƙafa saboda ƙuda. Na taƙaita gaisuwa, Allah ne shaidata. Sai na ce bari in yi yadda marigayi yake yi, shi daga asalin sa yake fara yabo. Na ce, "Jama'a, ni ce matar marigayi. Kun san shi ba ya cin miya sai da..." Nan kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Allah ya jiƙansa. Yau kuma ga maƙwabciyata, baiwar Allah..." Abin ya yanke. Na danna inda aka nuna mini, na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Ashe na karkatar da wayar, daddawa ko ɗaya ba ta fito ba. Abin da mutane suka gani shi ne Yaya a miƙe cikin farin ƙyalle, yatsun ƙafa a waje, ni kuma ina rusa kuka.

Kafin la'asar matan unguwa sun cika gidan Yaya. Maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofa. Mota ta sauke danginta daga Sandamu. Ni da na ji hayaniya na ɗauka masu saye ne, na tsallako ina murna, aka rungume ni ana ba ni haƙuri. Ni kuwa in aka ba ni haƙuri ba na tambaya, kuka nake yi.

Ana cikin haka Yaya ta fito daga banɗaki da buta a hannu. Ta dubi jama'a ta ce, "Wa ya rasu?"

Wata tsohuwa daga Sandamu ta ja da baya ta ce, "Ke."

"To ni ba a gaya mini ba."

Sai ga ɗanta a kan babur, takalmi ƙafa ɗaya. Ya tsaya yana kallonta, ita tana kallon ƙafarsa. Aka nuna mata bidiyon har sau biyu. Ta juyo gare ni ta ce, "Wata huɗu da kwana goma ina zaune da ke, sakamakon ke nan?"

Na ce, "Daddawa nake tallata miki."

"Ina daddawar?"

Wani tsohon dillali, aminin marigayi, shi ya cece ni. Ya nemi izini ya shigo, ya ɗauki daddawa ɗaya ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ƙamshin miyar da abokinsa yake zuwa da ita kasuwa ke nan. Ya ɗaga ta sama ya shiga yabonta yadda suke yabon bijimi, har da cewa a duba kaurinta. Mutane sun riga sun zo, kuma kunya ba ta bari su koma hannu rabbana ba. Kafin magariba tabarma ta koma fayau.

'Yata ta dawo ta ɗauki wani bidiyon. Yaya a tsaye, fuska a murtuke, ta ce, "Ban mutu ba. Daddawa nake sayarwa." Wannan ya fi nawa yawo. Dillalai suka tura wa matansu, matan suka tura wa danginsu har tsallaken iyaka. Da ɗanta ya sake tada maganar Zango, ta ce masa ya matsa, kalwa tana kan wuta.

Yanzu matan unguwa ni suke kawo wa talla, mai ƙuli-ƙuli da mai saƙa faifai. 'Yata tana raba mini shi uku: na farko gaisuwa, na biyu kukan marigayi, na uku kaya. Sharaɗina ɗaya ne, mai kaya ta tsaya da ƙafarta, ido a buɗe.

Yaya tana nan. Ta daina lulluɓa da fari, kuma in za ta kishingiɗa sai ta karɓe wayar ta sa ƙarƙashin kanta.