Cikin da aka ce ya kwanta

Shekarun baya, can lokacin da ake ginin ganuwar Birni, ina shekara ta biyu a gidan mijina a Birnin Damagaram, na samu cikin fari. Mu uku ne a gidan: ni, da mijina, da mahaifiyarsa wadda nake kira Iya. Iya mace ce mai kirki, ba ta taɓa barina da yunwa ba, amma fa idan ta faɗi magana ta faɗa ke nan, ko liman ba ya juya ta.

Cikin ya kai kamar wata huɗu, ana tsakiyar bazara. Iya ta tafi Tirmini gaisuwar mutuwa, mijina kuma an kwashe su aikin ganuwa. Ina tsaye ina daka sai marata ta ƙulle. Na lallaɓa na shiga makewayi, abin da Allah ya rubuta ya faru. Na gan shi da idona, ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannuna ba. Na naɗe shi a tsumma mai tsabta, na haƙa rami a gindin katanga na rufe, na koma ɗaki na kwanta.

Da Iya ta dawo ta tarar da ni a kwance, ga zannuwa a shanye. Ta ce, "Ke yarinya, jini kika gani?" Na gyaɗa kai. Ta ce, "Wani abu ya fita, ko jinin ne kawai?" Ni kuwa sarauniyar kunya sai na ja mayafi na rufe fuska. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. A zamaninmu cikin fari ba abin da ake magana a kai ba ne, ko ƙawarki ta tsokane ki da shi sai ki ruga ɗaki, balle a gaban uwar miji. Iya ta ɗauki shirun nan a matsayin a'a. Ta danna marata, ta ji ba ta gama saɓewa ba, ta ce, "Alhamdu lillahi, kwanciya ya yi. Zai tashi in Allah ya so."

A wurinmu an yarda ciki yana kwanciya, ya yi watanni har shekara yana barci, sannan ya tashi ya ɗora daga inda ya tsaya. Ban ce ba ya faruwa ba, Allah ne masani. Amma nawa dai na san inda yake. Na yi ta cewa gobe zan faɗa mata, goben ba ta zo ba. Ta karɓo mini rubutu na sha, ta gaya wa mijina, ta gaya wa maƙwabta, magana ta zama ta gari.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Da ɗari ya shigo sai na fara amai, ko warin daddawa na ji sai cikina ya juya. Iya ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, ta ce, "Ya tashi! Ban gaya muku ba?" Ba murna na yi ba, wallahi tsoro na ji. Kullum na shiga makewayi sai na duba zanena. Na daina ɗaga tulu, na daina tsallake ko da tabarma ce, tari ma a hankali nake yinsa kamar ɓarauniya.

Abin da ban hango ba shi ne lissafi. Iya ta ɗauki watanni huɗun wancan ta ɗora a kan na wannan. Saboda haka tun cikin bai gama fitowa ba ta ce lokacin goyon ciki ya yi, a kai ni gidanmu a garin Gidimuni in haihu a gaban mahaifiyata, kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. Aka ɗora ni a jaki cikin zafin bazara, cikin kuwa yana daidai girman da wancan ya kai ya tafi. Duk takun da jakin nan ya yi sai na ji shi a ƙahon zuciyata. Na riƙe marata da hannu biyu har mijina ya ce, "Wai faɗuwa kike tsoron ya yi?" Da wasa ya faɗa. Ni ban yi dariya ba.

Mun isa lafiya. Mahaifiyata, Inna, ta karɓi lissafin yadda aka aiko mata da shi. Takan dube ni ta ce, "Cikin nan naki ƙarami ne," sai kuma ta ba kanta amsa, "To, wanda ya sha barci ai dole ya rame." A gidanmu ne na fara jin motsi, wata rana ina zaune bakin tafki ƙarƙashin dabino. Daga ranar na zama mai gadi. In ya motsa in sauke ajiyar zuciya, in ya yi shiru in daina cin abinci.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. A lissafinsu wata tara ya cika har ya gota. Inna ta fara tashi da fargaba, tana kallon cikina tana salati. Ana nan sai ga Iya ta taso tun daga Birni, ta biyo ayarin masu gishiri, ƙafafunta duk sun kumbura. Ta zo da wani ƙullin saiwa da ta samo a unguwar Zango, ta ce maganin tayar da naƙuda ne, ba ya kwana. Ta ce cikin da ya taɓa kwanciya nauyin jiki gare shi, in ba a taso shi ba sai ya sake komawa, ko ya lalace a ciki ya tafi da uwar.

Washegari da hantsi aka jiƙa, aka tace, Inna ta miƙo mini a ƙwarya. Muna zaune a rumfa mu uku. Na karɓa. Na sani sarai abin da ke cikina bai wuce wata shida ba. In na sha wannan ruwa, zan sake ganin abin da na gani a makewayi, wannan karon da hannuna. Kuma kamar ya sani, sai ya harba ni a ƙasan haƙarƙari.

Iya ta ce, "Yi bisimilla ki shanye, kada ya huce."

Na ce, "Ba zan sha ba."

Inna ta ce, "Ke! Da wa kike?"

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa. Muryar da ta fito daga bakina ban san ina da ita ba. Na ce, "Iya, wancan bai kwanta ba. Ya fita. Na gan shi, ni na rufe shi da hannuna a gindin katanga. Wannan wani ne daban, da ɗari na same shi. In na sha, kashe shi zan yi."

Inna ta rufe baki da hannu, kunya kamar ta nutse, 'yarta ta buɗe baki tana lissafin ciki a gaban suruka. Iya kuwa fuskarta ta yi kicin-kicin. Ta ce, "Gudan jini kika gani, yarinya. Me kika sani? Haihuwa nawa kika yi?" Na ce, "Yana da yatsu, Iya." Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta ce, "Shekara guda kina kallona ina yawon gaya wa mutane, kin mai da ni mahaukaciya. To, na ji. Amma in ke ce kika yi kuskure, ya mutu a cikinki don ya wuce lokaci, kada ki ce ban faɗa ba." Ko kwana uku ba ta ƙara ba ta koma Birni.

Kuna tsammani na samu sauƙi? Ina! Nan ne ma tashin hankalin ya fara. Maganar nan tata ta zauna mini a ƙirji. In fa ita ce da gaskiya? In fa biyu ne tun farko, ɗaya ya fita ɗaya ya kwanta? Mata suna zuwa gidanmu kamar ɗiban wuta, alhali cikina suka zo kallo. Wata ta ce a garinsu an yi wadda ta ƙi shan magani, ɗan ya bushe a cikinta. Allah ya isa tsakanina da bakin matar nan. Ranar duk na rasa jin motsinsa, na sha ruwan randa mai sanyi, na kwanta ta wannan gefe na juya ta wancan, ina dungurin cikina da yatsa ina cewa, "Don Allah ko sau ɗaya." Sai da la'asar ya motsa. Inna ta tarar da ni ina kuka ina dariya, ta ce lallai na fara taɓuwa.

Ita ma Inna ba ta gama yarda da ni ba, amma ba ta sake kawo ƙwarya ba. Ta zubar da sauran saiwar a bayan gida. Abin da kawai ta ce shi ne, "Ke kika gani, ni ban gani ba. Allah ya fid da ke."

Haka na ga gero ya yi kara, ya fid da kai, ya yi ido. Ana shirin fara yanka naƙuda ta zo da kanta, ba wanda ya taso ta. Aka kira ungozoma, na durƙusa. An ce mai haihuwar fari ba ta ihu, to ni dai na yi, har maƙwabta sun shaida. Ba zafin ne ya fi damuna ba. Tambaya ɗaya nake yi, "Yana motsi? Gwaggo, yana motsi?" Ungozoma ta ce, "Ke da Allah rufe mana baki ki yi nishi!" Da ta faɗo sai na ji shiru, ɗan shirun da bai kai a haɗiyi yawu ba, amma ni na tsufa a cikinsa. Sannan ta canyara kuka. Mace ce, 'yar ƙarama, da gashinta da faratanta, ba abin da ya rage mata.

Aka shiga jego. Safe da yamma Inna ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu tana fyaɗa mini har fatata ta yi ja. Ga kunun kanwa, ga romo da yaji kamar za a ƙona mini harshe, ga gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Jikina yana komawa, amma tsoron bai bi jinin ya fita ba. Ba na yarda in yi barci mai nauyi. In jaririyar ta yi shiru sai in kai yatsa hancinta, in ban gamsu ba in ɗan ja ƙafarta har ta yi kuka. Inna ta ce, "Wannan 'ya ba ciwo ne zai wahalar da ita ba, uwarta ce." Na rame, nono ya fara ja baya, wannan ma ya zama sabon abin tsoro.

Iya ba ta zo suna ba. Mijina ya ce ƙafa ce ta hana ta, na san ba ƙafa ba ce. Sai da muka yi kusan rabin arba'in, wata safiya ina zaune a kan turmi a makewayi ina jiran ruwa, na ji hannun da ya ɗauki ganyen ba na Inna ba ne. Na waiga, Iya ce. Ashe ta iso bayan na fito daga ɗaki, ta ɗauki jikarta ta jujjuya ta, ta ga ƙanƙantarta ko bayan cikar lokaci, ta yi nata lissafin ita kaɗai.

Ba ta ce mini sannu ba, ban ce mata sannu da zuwa ba. Ta tsoma ganye ta fyaɗa mini a baya, ta sake tsomawa. Can sai ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Da kin sha, da yanzu babu ita." Ta ƙara fyaɗa mini ganyen. Ta ce, "Wancan ɗin, ke kaɗai ce a gidan?" Na ce, "Ni kaɗai." Ta ce, "Ba wanda ya ɗora miki ko ruwan zafi?" Na ce, "Babu."

Ganyen ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Sannu, 'yata. Allah ya sa mai ceto ne."

Ta'aziyyar da ake yi wa wadda ta rasa jariri ke nan, kuma sai a ranar wani ya yi mini ita, bayan fiye da shekara. Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba tun ranar, ga 'yata lafiya lau tana barci a ɗaki. Iya ba ta ce in yi shiru ba. Ta ci gaba da wankan har ruwan ya ƙare, tana jan hanci tana cewa tururi ne ya shigar mata ido. Ranar na yi barci har sai da aka tashe ni ba da nono.

Yanzu 'yar nan ta aurar da nata 'ya'yan. Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa nufina da sharri ba, son jikanta ne ya taso ta da kumburarrun ƙafafu. Amma har yau in na tuna nauyin ƙwaryar nan a hannuna sai tsigar jikina ta tashi, don kunyar da aka yabe ni da ita saura kaɗan ta ci mini 'ya. Shi ya sa duk yarinyar da ta yi ɓari a unguwar nan nake zuwa in zauna kusa da ita, in kori kowa, in ce ta gaya mini abin da ta gani da bakinta. In kuma na ga an miƙa wa mai ciki ƙwarya, sai na tambayi abin da ke ciki da wanda ya ƙirga watannin. Suna cewa tsohuwar nan ta cika shisshigi. Na cika ɗin.