Molon Kakana da Hanyar Dapango

Duk lokacin da rediyon maƙwabta ya sako waƙar nan ta Turawa makiyaya, wadda mawaƙin ke karya murya ya kai ta sama kamar mai kiran saniyar da ta yi nisa, sai in ajiye abin da nake yi. Ranar da na fara jin irinta nake tunawa, a Didawure, unguwarmu a garin Sokode, ina riƙe da hannun kakana. A lokacin Faransawa ne ke mulki, ni kuwa ban daɗe da shiga lekol ba, wato makarantar boko.

Wani ɗan kasuwa ne ya sayo garmaho daga bakin teku. Da la'asar yakan wana shi a ƙofar shagonsa, mutane su taru. Kakana ya tsaya a bayan taro, ya karkata kai har faifan ya ƙare. Wani mahauci ya tambaye shi cikin zolaya ko ya ji Turancin. Ya ce bai ji ko kalma ɗaya ba, amma mutumin nan ya taɓa bin shanu, kuma ya daɗe bai ga gida ba. Muna komawa, da muka kusa gida sai ya dube ni.

"Amaryata," ya ce, don haka yake kirana, "shi kam an zuba shi a baƙin faranti. Ko ya mutu ba zai yi shiru ba."

Kakana makaɗin molo ne na masu koro shanu. Tun yana saurayi yake bin ayari daga Sokode zuwa garin Dapango can arewa, a sayo dabbobi a koro su a ƙafa. Kowane zango da takensa, kowane rafi da waƙarsa. A cikin waƙar ake jin inda ruwa yake, da ƙauyen da ke karɓar baƙo, da sunayen waɗanda aka binne a gefen hanya. Sai dai makaɗan suna da ƙa'ida: ba a koyar da waƙar hanya a zaune. Shi ma a tafe ya karɓe ta daga kawunsa. Abokan kiɗansa duk sun rasu, shi kaɗai ya rage da ita.

Babana ba ya son zancen. Ya kafa rumfar yadi, ana gaishe shi da girmamawa, ba ya son a tuna cewa ɗan maroƙi ne. Yayyena maza kuwa kunyar molon suke ji. Saura ni, mace, wadda ba za ta taɓa bin ayari ba.

Sai kakana ya mayar da gidanmu hanya. Da hantsi, ranakun da babu lekol, in Baba ya tafi kasuwa, kakana yakan shafa wa fatar molon man kaɗanya, mu tashi daga zaure, wato Sokode ke nan. Rumbu ya zama dutse, rijiya ta zama rafi, gindin lemo ya zama zango. Yana gaba yana kaɗawa, ina biye ina amsawa, muna tafiyar shanu, a hankali. Mata na daka suna dariya, wai ango da amarya sun tafi fatauci, a taho musu da tsaraba. In na yi kuskure, ba ya faɗa. Juyawa kawai yake yi mu koma zaure. Nakan ce masa mugun miji, ya ce ai ni ce raguwar mata. Har yau in na ji ƙamshin man kaɗanya a rana, ƙafafuna ne ke fara tunawa.

Haka muka ci bazara, damina ta sauka muna tafe. Mun haye duwatsu, mun iso babban kogi, wato kududdufin da ruwan sama ya tara a bayan madafa. A bakinsa muke ranar da Baba ya dawo da wuri, ya same ni na wage baki kamar zabiya. Bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa a gaban mahaifinsa, kansa a ƙasa.

"Baba, don girman Allah ka rufa mini asiri."

Kakana ya dube shi, ya dube ni, ya shiga ɗaki ya rataye molon. Ban sake ganin ya sauko da shi ba. Na sha roƙonsa ya faɗa mini sauran ko a kan tabarma ne. Ya ce in ya ba ni a zaune, kalmomi kawai zan samu.

"Zango muka yi, amaryata. Ruwa ya cika, bari ya janye."

Kafin wata damina ya rasu. Fatar molon ta tsage, gara ta cinye sauran.

Bayan na girma na je Dapango a mota, gaida gwaggona da ke aure a can. Tun daga Sokode nake rera waƙar a zuci, ina gane duwatsun da ban taɓa gani ba. Da muka haye babban kogi sai na yi shiru. Ƙauyuka suna wucewa, ban san sunan ko ɗaya ba, ban san wa ke kwance a gefen hanyar ba. Masu shanun da muka wuce, rediyo ne rataye a kafaɗarsu.

A can gwaggo ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta zo ganin gida a watannin ƙarshe na kakana. Wata rana ina lekol, tafintan kumandan, wato Baturen da ke mulkin garinmu, ya kawo wani Bature mai na'urar ɗaukar murya, yana neman tsohon da ya san waƙar hanya. Masu shanu ne suka kwatanta masa gidanmu. Baba ya fita zaure, ya ce musu tsohon ya rasu. Gwaggo ta ce a lokacin kakana yana bayan zana, yana jin su. Ya riga ya sauko da molon, yana shafa masa mai.